Bargon Tasalla da Wandon Malam Isiyaku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun gyara.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa, sunanta Tasalla. Ba ta dillanci, ba ta kitso, ba ta yawon gidajen mutane. Abu ɗaya ne ya shiga ranta, haɗa ƙyallaye. In ta ga ɗan ƙyalle a ƙasa, ko bai kai tafin hannu ba, sai ta sunkuya ta ɗauka, ta wanke, ta shanya, ta jefa a adakarta. In ta sauke tuwo sai ta zauna gindin darbejiya da allura da zare, tana haɗa wannan da wancan. Ba sayarwa take yi ba, daɗi kawai abin yake mata.

Mijinta kuwa, Malam Isiyaku, mutum ne mai son a gan shi. Ko bakin rijiya za shi sai ya naɗa rawani. Ba abin da ya tsana irin ɗinkin Tasalla. Tsumma yake ce masa, ita kuma ya sa mata Sarauniyar Tsumma. Ni dai wannan hali nasa bai taɓa burge ni ba, amma ku bari ku ji.

Ana nan sai autarsu Kuluwa ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, ta sami namiji. Tun cikin yana wata biyu Tasalla ta fara wani bargo, wanda za a naɗe jikanta a ciki ranar suna. Kowane ƙyalle a jikinsa na wani ne a dangi, da masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Saura gurbi uku a tsakiya, sai adaka ta ƙare ƙaf. Kuma duk faɗin bargon nan babu ko zare ɗaya na Malam, kakan yaro.

Sai ta je ta durƙusa ta roƙi Malam ya ba ta ko tsohuwar riga. Sai ya harare ta. Ya ce surukai daga birni za su zo, mutane ne masu shadda, ba zai yarda a kunyata shi da tsumma ba.

Ya ce, "In na ga bargon nan ranar suna, ƙarƙashin tukunyar wankan jego zan tura shi."

Tasalla ta zagaya bayan rumbu ta yi kukanta. Wata bakwai tana ɗinkin nan, har yatsunta sun yi kanta, ga shi saura kwana uku suna. Da ta gama kukan sai ta share hawaye, ta ɗauko almakashi.

To, Malam ya riga ya ware kayan da zai sa ranar suna, ya rataye a ɗaki, kullum da la'asar sai ya gwada. Yana fita masallaci sai Tasalla ta shiga. Ta warware rawanin, ta ga tsawonsa, ta ce a ranta, wannan ai ko an rage ba mai awo. Ƙaras, ta yanke wutsiyarsa, ta cike gurbi ɗaya.

Da la'asar Malam ya zo naɗi. Ya naɗa, bai kai ba. Ya warware ya sake, bai kai ba.

Ya ce, "Tasalla, rawanin nan ya gajarce."

Ta ce, "Kanka ne ya ƙara girma, Malam. Ai ka zama kaka."

Sai ya shafa kansa, ya ce lallai shi ma ya ji nauyin.

Kashegari yana fita sai ta sake shiga. Ta ɗaga taguwar da ake sawa ƙarƙashin babbar riga, ta ce a ranta, wannan ai a ɓoye take, wa zai leƙa? Ƙaras, ta yanke bayanta, ta cike gurbi na biyu.

Da la'asar Malam ya zura taguwa. Ya ja ta ƙasa, ta koma sama. Ya sake ja, ta sake komawa.

Ya ce, "Tasalla, taguwar nan ta ɗage."

Ta ce, "Tsawo ka ƙara, Malam. Tun da aka yi haihuwar nan kake tafiya a miƙe."

Sai ya ƙara miƙewa, har yana buga kai a bakin ƙofa.

Ranar jajibiri saura gurbi ɗaya, kuma shi ne babba, daidai cibiyar bargo. Tasalla ta bari sai da Malam ya gama gwaji ya fita. Ta dubi babbar riga, ta ce a'a, wannan kowa zai gani. Sai ta dubi wando. Irin na da ne, mai yalwa, ga laushi. Ta ce a ranta, babbar riga har ƙasa take, ita za ta rufa asiri. Ƙaras, ta zagaye wurin zama da almakashi, ta ciro faifai guda. Kafin magariba bargo ya kammala, ta ninke ta ɓoye a ƙarƙashin gadon Kuluwa.

Da asuba Malam ya shirya cikin duhu-duhu, yana sauri don baƙi sun fara sallama. Ya ɗaure zariya, ya zura babbar riga, ya yi taku biyu, sai ya tsaya.

Ya ce, "Tasalla, yau iska tana shiga ta wani wuri."

Ta ce, "Sanyin asuba ne, Malam. Yi maza, liman yana jira."

Sai ya fita ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, ga liman, ga maƙwabta, ga surukai sun jeru, babbansu Alhaji Sambo, kakan yaro ta wajen uba, yana ta ƙamshin turare. Ragon suna yana ɗaure a turke. An fara raba goro ke nan sai rago ya fizge igiya, ya tsinka.

Samari suka yunƙura, sai Malam ya daka musu tsawa. Ya ce kowa ya zauna, shi da ya ka da ƙattai a dandalin kokawa, rago ne zai gagare shi? Don dai Alhaji Sambo ya gani ne, ba wani abu ba. Sai ya tuɓe babbar riga, ya jefa wa rago a kai don ya rufe masa ido. Riga ta sarƙe a ƙaho. Malam ya juya wa surukai baya, ya sunkuya zai cafki ƙafa.

Ku daina dariya, ban ma kai wurin ba.

Rawani da bai kai ba ya warware ya faɗi. Taguwa da ta ɗage ta ƙara ɗagewa. Wando kuwa, taga ce a buɗe, tana kallon surukai. Liman ya sunkuyar da kai yana salati. Alhaji Sambo ya ɗaga ido sama, ya ce da alama bana damina za ta yi kyau, alhali ko gajimare babu. Rago ya zille, ya yi daji da babbar riga a kansa.

Malam ya ji wurin ya yi tsit. Sai ya kai hannu baya ya shafa, hannu ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba. Nan take ya zauna daɓas a ƙasa. Aka ce ya taso a yi addu'a, ya ce nan ma ya ishe shi. Aka ce ya dawo kan tabarma, ya ce ƙasa ta fi lafiya. Hantsi yana ɗagawa, yaro ba suna, kaka ya ƙi tashi.

Tasalla tana leƙe ta kafar danga, ta ga komai. Ta san aikinta ne, kuma ta ji tausayin tsohon. Abin rufa ɗaya ne a kusa. In ta fito da shi, wuta ce makomarsa. In ta bar shi, mijinta zai wuni a ƙasa. Sai ta ruga ta ciro bargon, ta rungume shi sau ɗaya, ta wurga ta saman danga. Ya sauka a kan Malam.

Bai tsaya tambaya ba, ya ɗaura a ƙugu, ya miƙe. Sai Alhaji Sambo ya matso, ya kama gefen bargon yana juyawa, ya ce shi duk yawonsa bai taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba, wane tela ne?

Malam ya sunkuya zai ce tsumma ne. Sai ya ga rawaninsa. Ya ga taguwarsa. Ya ga wandonsa shimfiɗe a tsakiya. Ya buɗe baki zai fara faɗa, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan baƙin saƙi da aka ɗinke a jikin ƙyallen wandon. Ya gane shi. Zanen mahaifiyarsa ne, wanda ta goya shi da shi, shekara talatin ke nan da rasuwarta. Bai san akwai sauran ko zarensa a duniya ba. Sai bakin ya rufu, idon ya kawo ruwa, ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

Ya ce, "Ba tela ba ne. Uwar gidana ce."

A haka aka yi addu'a, kaka yana ɗaure da bargo. Aka raɗa wa yaro suna Isiyaku. Malam ya shiga gida ya sake wando, ya ninke bargon, ya wuce tukunyar wankan jego ko kallonta bai yi ba, ya naɗe takwaransa da hannunsa.

Can sai ga samari sun dawo da rago, da babbar riga a yayyage, ƙaya ta yi mata filla-filla. Tasalla ta dubi rigar, ta kau da kai, ta sake duba. Shadda ce mai kyau. Malam ya ga yadda idonta yake ƙyalli, sai ya miƙa mata.

Ya ce, "Ungo, tun kafin ki zo ki yanka ina ciki."

Tun daga ranar bai ƙara cewa tsumma ba. Sai dai har ya bar duniya, ba ya fita ƙofar gida sai ya kai hannu baya ya shafa.

Ƙurunƙus kan kusu, na naɗe tawa. Kada ku raina abin da wani yake yi da hannunsa, wata rana shi zai rufa muku asiri. Ke kuma mai dariyar nan, in na ga almakashina kusa da zanena, ni da ke ne. Ku tashi ku kwanta.