Ranar da Kunkuru Ya Tuɓe Ƙoƙonsa

Ga ta nan, ga ta nan, ku matso kusa!

Ta zo mu sha, Kaka!

A zamanin da, Kunkuru tuɓe ƙoƙon bayansa yake yi kamar riga. Ran nan zai je gaida surukarsa, Inna Kande, sai ya ce bari ya yi wanka ya fito fes. Ya tuɓe ƙoƙo a bakin rafi, ya faɗa ruwa, tsundum!

Sai ga Jatau mahauci ya zo wankin hanji. Ya ga ƙoƙo a kife, ya birkice shi, ya ce, "Kai, yau na tsinci akushi!" Ya murza hanji uku, ya ɗaure su tam a bakin ƙoƙon, ya shanya a rana.

Kunkuru ya leƙo, ruwa iya wuya, ya ce, "Malam Jatau, rigata ce fa!"

Jatau ya ce, "Riga? Wa ya taɓa cin tuwo a riga?" Ya ci gaba da aikinsa.

Hanji ya bushe ƙayau. Kunkuru ya miƙo hannu a sace zai tsinke na fari. Tin! Ƙafar Jatau ta yi tsalle ba da izininsa ba.

Kunkuru ya ja na biyu. Tirin! Matan da suka zo ɗibar ruwa suka ajiye tuluna, suka kama rawa.

Ya ja na uku. Tiririn! Maigari da ke wucewa ya diro daga jaki yana juyi, jakin ma yana juyi, rawani ya warware har ƙasa.

Maigari yana haki ya ce, "Wannan akushi nawa ne daga yau!"

Kunkuru ya ɗaga ido, wa zai gani a kan hanya? Inna Kande da tulunta! Ku dai kun sani, a ce suruka ta gan ka tsirara? Gara ƙasa ta tsage.

Ya ce wa Maigari, "Ranka ya daɗe, ai ba ka ji komai ba. Zaƙinsa na gaske sai an rufe ido ake jinsa."

Maigari ya ce, "Kowa ya rufe ido! Ke ma, tsohuwa, rufe!"

Inna Kande ta rufe. Kunkuru ya fito, tsirara haihuwar uwarsa. Ya kaɗa, suka taka. Ya kaɗa, suka juya. Ya kaɗa na uku, ya kwance hanjin, ya shige ƙoƙonsa, wuf!

Kiɗa ya tsaya. Aka buɗe ido. Ba akushi, sai Kunkuru a durƙushe, kai a ƙasa: "Ina wuni, Inna?"

Inna Kande ta share gumi ta ce, "Haba, ɗan nan! Kullum kai a makare. Ai kiɗan da aka yi yanzu ya wuce ka!"

Jatau ya tsince hanjinsa, ya ɗaura wa ƙwarya, aka sami garaya. An ce mutanen Girka, can bakin teku, su kam ƙoƙon kunkurun suka nace wa wajen yin tasu garayar. Shi ya sa har yau Kunkuru da rigarsa yake wanka.

In za ku tuɓe kaya, ku fara duba wanda ke tafe.

Ƙurunƙus! Ta ƙare a kan ɗan ɓera, kowa ya kama tabarmarsa.