Zanzaro da Rumbun Bushiya

Ku matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A wani gari na dabbobi, ba a ba kowa aikin gini sai mai jar hula. Gara ce shugabar magina, ita ke koyarwa, ita ke ɗora wa wanda ya gama hular. Gizo ya yi karatun, kuma kada ku ce ba shi da kai, da guminsa ya samu tasa. Zanzaro kuwa, bawan Allah, ko zauren karatun ba a bari ya shiga ba, wai ya cika ƙanƙanta. Amma son laka ya riga ya shiga jininsa, duk inda ake gini yana gefe yana kallo.

Ana nan sai rumbun Bushiya ya rushe. Mijinta ya mutu, ga 'ya'ya, ga damman gero a ƙasa, ga hadarin ƙarshen damina yana yawo. In ruwa ya doki geron nan, yunwa ce har baɗi. Ta kira Gizo.

To, shi rumbu zagaye-zagaye ake ginin sa. A ɗora ɗaya, a bar shi ya sha iska, sannan a ƙara. Gizo ya san haka sarai, amma ana biki a ƙetaren rafi, hankalinsa na can wajen nama. Ya yaɓa laka tun daga ƙasa har sama, ya cinye tuwon Bushiya, ya tafi. Rumbu ya zube. Ya ce laifin laka ne. Ya sake, ya zube, ya ce iska ce. Na uku da ya zube, mara kunyar nan ya ce bakin mutane ne.

Tausayi ya kama Zanzaro. Ya ce, "Inna, bar ni in gwada."

Bushiya ta share hawaye ta ce, "Ina hularka, ɗan nan?"

"Ba ni da ita. Amma ba na iya barci geronki na ƙasa."

Ya ɗaura ɗamara, ya riƙa ɗebo laka da baki. Ya yi zagaye, ya zauna yana taɓawa har ya bushe. Yunwa ta ciyo shi, ya ƙara tamke ɗamara. Da ya kai wuyan rumbu, inda ake tsukewa, dabara ta ƙare masa. Bai ji kunya ba, ya tafi wurin Gara ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, na kai wuya, ban san yadda ake rufewa ba."

Gara ta zo ta ƙwanƙwasa ginin, ta ji shi gam. Ta nuna masa, ya ƙarasa. Aka loda gero, aka kifa jinka, ko hannu ba su wanke ba ruwa ya ɓarke. Ko zangarniya ɗaya ba ta jiƙe ba.

Gara ta kawo masa jar hula. Zanzaro ya ce, "Ajiye mini tukuna, na ga 'yar tsaga a baya zan liƙe."

Ɗamarar nan ce ta tsuke ƙugunsa har yau. Ku ji ni, jikokina: karatu abu ne mai kyau, ku neme shi, amma hula ba ta gini. Mai son aiki, mai tambaya in ya rasa, shi ke tsai da rumbu.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai yi barci ba ya kawo mini ruwa.