Takardar Baturiya da Injin Baranda

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuli, ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, abin ya soma.

Akwai wani mutum a Tudun Wada, Malam Mas'ud, shugaban ofishin wata ƙaramar ƙungiya mai koya wa manoma adana hatsi, daga Bebeji har Doguwa. Mutumin kirki ne, ba a san shi da tsegumi ba. Sai dai idan ya ce a'a, to magana ta ƙare.

Ofis uku ne a ginin da suke haya: nasu, na masu sayar da iri, da na wani mai awon filaye. Suka haɗu suka sayi injin fotokofi ɗaya, aka girke shi a baranda, aka jona shi da kwamfutar kowa. Wanda ya zo haɗawa ya ba da shawara a ba kowa lambar sirri, yadda takarda ba za ta fito ba sai mai ita ya tsaya a gaban injin ya danna.

Malam Mas'ud ya ɓata rai. "Lamba kuma? Ni da Alhaji Ɗayyabu mai iri sahu ɗaya muke salla. In dube shi in ce ina tsoron ya leƙa mini takarda? Bar shi a buɗe."

Aka bar shi a buɗe.

To, ranar Larabar nan jami'arsu ta Doguwa, wadda ake kira Baturiya, ta shigo ofishinsa ta turo ƙofa. Tana da ciwon farfaɗiya, amma ta daɗe a kan magani, ba ta faɗuwa. Daga mijinta sai mahaifiyarta suka sani. Hedikwata ce ta ce sai an ga takardar likita kafin a riƙa ba ta ranar zuwa asibiti a Kano.

"Baba Malam, amana ce," in ji ta. "Ka san mutanenmu. Gani suke a kofin ruwa ma ana ɗauka. In matan da nake koyarwa suka ji, ba mai sake zama kusa da ni."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Daga ni sai hedikwata."

Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Da kansa ya je baranda, ya kare injin da babbar rigarsa, ya ɗauki hoton takardar zuwa kwamfutarsa, ya mayar mata da abinta ta tafi.

Sai ya ga ya kamata ya ajiye kwafi a fayil. Ya danna a buga, ya leƙa baranda, ba komai. Ya dawo ya sake dannawa. Shiru. Ya yi ta dannawa yana tsaki.

Ashe takarda ce ta ƙare a injin, kuma tun Litinin ake jayayya a kan ofishin da ya kamata ya saya.

"Wallahi ba mu ne da saye ba wannan karon," ya faɗa da ƙarfi don maƙwabta su ji. A ganinsa, abin da bai fito ba ya mutu ke nan. Ya kulle ofis, ya yi azahar, ya wuce ta'aziyya Kiru.

Injin kuwa bai manta ba. Bayan la'asar Ja'afar, akawun masu iri, ya gaji ya zuba takarda don ya buga farashin masara. Kafin nasa ya fito, sai da injin ya amayo takardar Baturiya sau adadin da aka danna. Ja'afar bai ko karanta ba. Ya yi mita an ci masa takarda, ya watsa su cikin kwalin ɓatattu.

Kwalin nan kuwa kullum da yamma ake miƙa wa Dije mai ƙosai a bakin ƙofa. Malam Mas'ud ne ma ya kafa wannan al'ada, ya ce sadaka ce.

Da safe ya tsaya sayen ƙosai kamar kullum. Yana buɗe ƙunshin ya ga sunan Baturiya, da unguwarsu, da sunan ciwon, mai ya jiƙa su.

"Dije, ina sauran irin wannan takardar?"

"Ai sun tafi, Malam. Fasinjojin motar Doguwa ta farko ne suka kwashe, a ciki na ƙunsa musu ƙosai." Ta juya ƙosai a kasko. "Mai kauri ce, ba ta yoyon mai. In da saura ka ƙaro mini."

A mako na gaba matan Doguwa suka shimfiɗa wa Baturiya tabarma can gefe, aka kawo mata ruwa a kofi daban. Mako na bayansa babu wadda ta zo.

Malam Mas'ud ya ɗauki ma'aikacin lafiya har Doguwa, aka yi bayani cewa ba a ɗaukar ciwon nan. Aka saurare su da ladabi, aka dama musu fura, aka rako su mota. Ba abin da ya sauya.

Ranar da Baturiya ta zo ajiye aiki ba ta ɗaga murya ba.

"Wallahi ban gaya wa kowa ba," ya ce.

"Na sani, Baba Malam. Sai dai ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ni duk ɗaya ne a wurina."

Washegari ya kira mai gyara a sa lamba. Ya shiga wurin Alhaji Ɗayyabu yana ta kewaye-kewaye don kada ya ji haushi.

"Haba Malam," in ji Alhaji. "Ni tun ranar farko na so a sa. Kunyarka na ji."

Baturiya ta koma Kano wurin yayarta. Zubaida, jami'arsu ta Bebeji, ta ji tsoron kada nata sirrin ya fita, ta karɓi nata fayil ɗin ta bar aiki. Sagir, jami'insu na Kiru, shi ma ya nemi canjin wuri aka ba shi.

Waɗanda suka rage: Malam Mas'ud, Baffa direba, Halima mai shara, wadda yanzu ita ke ƙona ɓatattun takardu a bayan gini.

Darasi: Riƙon amana bai tsaya ga kame baki ba. Injin da ake tarayya a kansa yana riƙe abin da aka tura masa, kuma duk wanda ya zo zai ba shi. A sa lambar sirri, a soke abin da bai fito ba, a ƙona takardun mutane. Yin haka ba zargin maƙwabci ba ne. Ku tura wa duk wanda kuka san sirrin wani yana bi ta hannunsa.