Minti Huɗu a Bakin Rairayin Tenhya

Akwai wani direba a Tanout mai suna Abdulgani. Shekara goma sha bakwai ya yi yana jan motar kasuwa tsakanin Tanout da Belbeji, kafin Alhaji Ila, wani attajiri mai ƙungiyar tseren motoci, ya ɗauke shi.

Alhaji mutum ne mai kyauta, amma Allah ya yi shi da gaggawa. Bai taɓa tuƙa mota cikin daji ba, sai dai in kun ji yana bayanin tuƙi, za ku rantse shi ya ƙera ta. Ya ɗauko Kaleb, tsohon makanike, ya naɗa shi shugaban ƙungiya, amma ko taya za a canza sai ya sa baki.

Da babban tseren shekara ya zo, Alhaji ya gaya wa Abdulgani a gaban jama'a cewa ya gaji da zuwa na uku. In bai ci ba, ya ajiye makulli. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, don da wannan aikin yake riƙe da gida biyu, nasa da na marigayi wansa.

Aka saki motoci da hantsi. Abdulgani ne a gaba har kusa da Tenhya, inda ƙasa mai tauri ke ƙarewa, rairayi mai laushi ya fara. Duk direban kasuwa ya san ba a shiga wurin da taya cike da iska. Sai ya kira Kaleb ta oba-oba, rediyon da suke magana da shi, ya ce zai tsaya ya rage iskar, Kaleb ya ce ya tsaya.

Alhaji ya fizge oba-obar.

"Abdulgani, tsere na aike ka ko cin kasuwa? In ka taka birki, ka bar min motata!"

"Alhaji, ka yi haƙuri. Motarka nake so in kawo maka."

Ya tsaya. Minti huɗu yana tsugune yana bin tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska. Motoci biyar suka wuce shi, har da ta abokin aikinsa Abdurrazak, wanda ya bi umarnin Alhaji ya ƙara wuta.

Bai yi kilomita takwas ba ya fara tarar da su. Wannan ta kafe, waccan ta nutse har ƙofa, ga Abdurrazak da shebur yana haƙa yana gumi. Motar Abdulgani kuwa ta bi ta kan rairayin sumul, ita ta fara shiga Belbeji, inda tseren yake ƙarewa.

Da ya sauko bai yi wani murna ba. Ya nufi Alhaji kai tsaye ya miƙa masa makulli, ya ce ya taka birki duk da an hana shi.

Kunya ta rufe Alhaji. Ya mayar da makullin cikin tafin Abdulgani, sannan ya juya ya danƙa wa Kaleb oba-obar.

"Riƙe kayanka, Malam Kaleb. Daga yau ni ɗan kallo ne."

Darasi: Mallakar mota daban, sanin hanya daban. In ka ba mutum aikin da ya fi ka sani, ka bar shi ya yi, kuma ba kowace tsayawa ce komawa baya ba. Ku tura wa duk wani mai gida da kuka sani, wataƙila ya amfana.