Mutumin da Ya Goge Jar Tawada

Ga ta nan ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma kada kowa ya gyara zama don dariya, yau raina a ɓace yake.

An yi wani mutum a nan garinmu Mexicali. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na zuwa cocin nan. Mu dai Injiniya muke ce masa.

Ba shi ya kafa kamfanin ba. Ubansa, Don Nabor, shi ya fara da mata goma sha biyu a wani tsohon siton auduga, ina cikinsu. Muna haɗa 'yan ƙwayoyin lantarki da ke sa rediyon oba-oba ya kai murya nesa, kowace ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Da wayar hannu ta shigo, muka zama mu ɗari takwas, har da motocin ɗaukar ma'aikata.

Dokar tsohon ɗaya ce. Ƙwayoyin na zuwa jere a kan faifai, dubbai. Sai a gasa faifan, a gwada su da zafinsu. Wadda ta kasa, a ɗiga mata jar tawada, ta tafi shara. Shekara ashirin da shida Doña Chayo ce a kan teburin gwajin nan. Ita ce kuma ta riƙe Injiniya ranar baftismarsa.

Tsoho ya rasu, ɗa ya hau kujera. A shekara ta biyu aka samu babbar oda, faifai kuwa suka fito ja-ja-ja kamar masu ƙyanda. Ya sa aka sake gwada masu ɗigon a ɗaki mai sanyi, duk suka ci gwajin. Sai ya dire wa Chayo auduga da kwalbar sinadari, ya ce ta goge.

Ta tura tabarau goshi ta dube shi. "Ɗana, wa ka sani a garin nan da ke zaune cikin firji?"

Muka tuntsire da dariya. Fuskarsa ta haɗe.

"A nan ba ni da uwar baftisma. Injiniya za ki ce."

"To, Injiniya. Ɗigawa aka ɗauke ni yi, ba gogewa ba."

Kafin lokacin tashi ya sallame ta, wai idonta ya mutu, tana ɗiga wa masu lafiya. Ya goge da kansa, ya sa hannu a takardar shaidar gwaji. Mu fa? Mun gani sarai. Muka sunkuyar da kai muka ci abincin ranarmu. Har yau haushin kaina nake ji.

Wasu daga ƙwayoyin da aka goge suka shiga rediyon masuntan San Felipe. A watan Agusta injin wani kwalekwale ya mutu a tsakiyar teku, wa da ƙani a ciki, rana na dukan rediyon tun safe. Kira na farko ƙwayar ta ƙone. Suka yi ta magana da mataccen ƙarfe. Sai kwana na huɗu aka same su, wan da sauran numfashi, ƙanin ƙishirwa ta gama da shi.

Masu haɗa rediyon suka buɗe shi, suka sa ƙwayar a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga sauran jar tawadar nan a gefenta, siriri kamar gashi. Cikin mako biyu duk wanda ke sayen kayanmu ya janye.

Ya 'yan uwa, wa ya ce muku sai da wuƙa ake kisa? Mutumin nan auduga ya riƙe. Ya san gaskiya, an faɗa masa ita a bainar jama'a, ya zaɓi ya canja ɗakin gwaji maimakon ya gyara kaya. Mu nawa ne a nan muke neman ɗaki mai sanyi mu gwada aikinmu? Mu nawa muke gani mu yi shiru saboda albashin Juma'a? Aibin da ka ɓoye bai tafi ko'ina ba, hannun wani bawan Allah ya koma.

An rufe kamfanin kafin Kirsimeti, mu ɗari takwas muka watse. Injiniya ya yi shekara shida a kurkuku, ya fito ya mutu a ɗakin haya. Wan masuncin bai sake shiga teku ba. Chayo ta sayar da tamale, alalar masarar nan, a bakin tasha har ƙarfinta ya ƙare, kuma ita ta wanke gawar ɗan baftismarta.

Allah ya kiyaye mu daga ɓoye abin da muka sani, ya kiyaye waɗanda ransu ke rataye da aikin hannunmu.