Manomin da Ya Nemi Ragi a Kan Jira

Akwai wani mutum, manomin rani, yana da gonar tumatir a fadama. Injin ban ruwansa yana da wani ɗan allon lantarki, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Allon nan shi ke kunna injin idan ƙasa ta bushe, shi ke kashe shi idan ta sha.

Wata rana allon ya daina jin magana. Kwana uku babu ruwa, tumatir kuwa yana fure, har ganye ya fara lanƙwasa. Sai mutumin ya cire allon ya kai wa injiniyar da ta haɗa masa shi.

Ta duba, ta ce, "Baba, a cikin allon nan akwai wani ɗan ƙaramin umarni da ke fara farkawa kafin kome. Mu muna ce masa butloda, kai ka ce masa mai gadi. Shi ke buɗe wa sauran umarni ƙofa. Naka ya tsufa, ba ya gane sabon aikin da na zuba yanzu don gyaran allon. Sai na share shi na sa sabo."

Ta jona allon da kwamfuta da 'yar waya, ta ce, "Minti goma. Kada a taɓa wayar nan."

Mutumin nan gwanin ciniki ne, bai taɓa sayen ko allura a kan farashin farko ba. Ya ce, "Goma? Haba Injiniya, rage mini. Biyar."

Ta yi dariya. "Baba, ba kwandon tumatir ba ne."

"To, bakwai. Gonata na ƙuna."

"Goma ne. Ni ma ba ni na yanka ba."

Aka fara. Can sai 'yar fitilar allon ta mutu ɗif. Mutumin ya zabura ya ce, "Ya ƙone!" Ya kai hannu zai fizge wayar. Injiniya ta cafke hannunsa, ta ce, "Yanzu ne ma ake aikin. Tsohon ya fita, sabon bai gama shiga ba. In ka cire yanzu, allon zai zauna babu mai gadi, ko ni sai na sha wuya kafin in tashe shi."

Sai mutumin ya zauna a kan hannuwansa biyu, don bai amince da su ba. Da minti goma suka cika, fitila ta kawo kore. Kafin rana ta yi tsaka, ruwa yana gudu a kwamin gonarsa, ganye ya miƙe.

Ma'anar misalin nan ke nan, yarana. Allon nan kai ne, ke ce. Mai gadin kuwa zuciya ce, ita ke fara farkawa da safe kafin baki da hannu. In ta tsufa cikin fushi da taurin kai, ko wa'azi nawa aka zuba maka ba zai sami ƙofa ba. Ubangiji ne kaɗai ke ba da sabuwa, aikinsa kuma yana da lokacinsa.

Ni ban yi nisa a boko ba, amma ku tambaya a kasuwa, ba a taɓa kayar da ni a ciniki ba. Da mijina Dogara ya rasu, fitilata ta mutu. Na ce wa Ubangiji wata uku kawai zan iya jure baƙin cikin nan, ya rage mini. Bai rage ko kwana ɗaya ba. Sau biyu na kusa daina zuwa sujada, matan zumunta suka riƙe mini hannu. Ga ni yau a gabanku, ina ci ina sha, ina dariya.

Saboda haka in kun yi addu'a kuka ji shiru, kada ku ce ya ƙone. Ku zauna a kan hannuwanku.