Masaƙin Duniyar Toka

An yi wani mutum a wani ɗan ƙauye kusa da Kwargaba, cikin ƙasar Wurno, a zamanin da Turawa ke mulki. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, don danginsa suna nan da rai, kuma kunyar da ya sha ta ishe shi. Masaƙi ne. Hannunsa na da kyau, amma harshensa ya fi hannun iya saƙa.

Wata shekara aka kwashi majiya ƙarfi zuwa aikin tilas na hanyar jirgin ƙasa wajen Gusau, har da shi. Can ya ga ƙarfe yana tafiya da kansa, yana huci, yana tofar da wuta. Sauran suka dawo da kanta a hannu da ciwon baya. Shi kuwa ya dawo da tambaya. In ɗan Adam ya ƙera wannan yau, me zai ƙera nan da shekara ɗari biyar? In kuma abin da ya ƙera ya juyo kansa, yaya duniya za ta koma?

To, sai ya zauna a masaƙa, ƙoshiya na kai da komo a hannunsa, yana gina wata duniya a cikin kansa. Ya sa mata suna Duniyar Toka. A cikinta tsuntsayen ƙarfe marasa gashi sun zubo wuta daga sama har birane sun narke. Gulbin Rima ya ƙafe, ba komai a cikinsa sai ƙasusuwan kifi. Sama ta daina ruwa. Mutanen da suka rage suna zaune cikin tsofaffin rijiyoyi, ba sa fitowa sai sun lulluɓe da jemammiyar fata, don rana na toya jiki. Akwai kuma bayin ƙarfe da aka ƙera don noma, suna nan suna ta huɗa a matattun gonaki, don ba wanda ya gaya musu masu gonakin sun mutu. Har doka ya yi wa mutanen: duk wanda ya tsinci ɗanyen ganye, shi ne sarki sai ganyen ya bushe.

Kullum yana ƙara mata wani abu. Yau kasuwa, gobe hanyar fatake, jibi irin gaisuwarsu. Kuma gaskiya abin da daɗin ji. Maza kan taru a inuwar masaƙarsa da hantsi, yana saƙa yana ba su, har mai zuwa lambun albasa ya mance da ban ruwa.

Har zuwa nan bai yi laifi ba. Laifin ya shigo ne ta bakin wani dattijo mai ba'a da ake kira Baba Yari. Wata rana ana cikin sauraro, tsohon ya kwashe da dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ƙato da gemu kana gatana da rana tsaka? Mi yar rage, in ba ka ɗaura zane ka koma wurin tsohi mata ba?"

Gatana ita ce tatsuniya a bakin mutanen can. Kun kuwa san tatsuniya aikin mata da yara ce, kuma ba a yin ta da rana. Wurin ya kece da dariya. Masaƙi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ba gatana ba ta, Baba. An nuna min."

Dariya ta ɗauke. Baba Yari ya gyara zama ya ce, "Mi kac ce?" Masaƙi ya maimaita, wannan karon da ƙarfi, ya ƙara da cewa cikin mafarki ne, sau uku a jere.

Ya 'yan uwa, ku lura da kyau. Tatsuniya tana da ƙofa. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus". Duk wanda ya shiga ya san cikin wasa ya shiga, in ya fita ya karkaɗe rigarsa. Wannan bawan Allah ya cire ƙofar ya jefar, ya kafa kalma uku a wurinta. An nuna min. Wa ya nuna maka? Ai ka jingina ƙirƙirarka ga Ubangiji ke nan.

Ya koma gida ranar, ya ce a ransa gobe zai gyara. Gobe ta zo da baƙi daga Gandi, sun ji labari a kasuwa. Bayansu na Boyekai suka zo. Mutumin da karatunsa bai wuce ya yi salla ba, sai ga shi ana durƙusa masa ana cewa Malam. Abin ya yi masa daɗi, kuma ya tsorata shi. Kowace safiya gyaran na ƙara nauyi.

Sai wata rana da azahar jirgin sama ya ratsa ta kan fadama, irinsa na farko da aka taɓa gani a wannan yanki. Mata suka watsar da tuluna. Maza suka sheƙo masaƙa suna kabbara, suna cewa ga tsuntsun ƙarfe, ba gashi, yadda Malam ya faɗa. A ƙarshen wannan damina kuma fara ta sauka, ta cinye gero tun yana tsaye. Wa zai ƙara musu da shi bayan haka?

Yana da wa, sunansa Zayyanu, gandunsu ɗaya. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya karatu, ba ya musu, kuma bai taɓa jin ƙaninsa ya yi masa ƙarya ba. A hannunsa irin gidan yake, wato zaɓaɓɓun zangarniyoyin gero da ake ɗaurewa daban a rataye a ƙololuwar rumbu. Manomi ya san dokar: kome yunwa ba a cin iri. Ana cin tafasa, ana cin dusa, ana kwana da ruwa a ciki, amma dammen nan ba a taɓa shi, don shi ne baɗi.

Da bazara ta yi tsanani, rumbu ya koma fayau, Zayyanu ya sami ƙaninsa a bayan gida su biyu kaɗai. Ya ce, "Ƙanena, ni da kai nono guda munka sha. Ɗiyan Habi kwana ukku ba su ga tuwo ba. Ka hwaɗa min tsakaninka da Allah, abin ga gaskiya na? Ruwa na zuwa bana ko ba ya zuwa?"

Habi matar Zayyanu ce, kukan 'ya'yanta kuwa yana shigowa kunnen masaƙi a daidai lokacin. Allah ya buɗe masa ƙofar tuba a inda ba taro, ba Baba Yari, ba mai dariya, sai ɗan uwansa. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro. Amma ya hango idon wansa in ya ji shekara guda ana durƙusa wa ƙarya, sai ya haɗiye ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, bana ba ya sauka. Haka anka nuna min."

Zayyanu ya ce, "To mi ar ranar aje iri ma toka, ɗiya na kuka?" Ya hau rumbu ya sauko da dammen da hannunsa. Da maƙwabta suka ji ƙarar turmi a gidan su Malam, suka ce ai magana ta ƙare, tunda gidan mai mafarkin ma sun ci nasu. Kafin mako ya zagayo babu iri ko zangarniya ɗaya a ƙauyen. An kawo wa masaƙi nasa tuwon a akushi. Ya san abin da ke ciki, ya kuma ci, don in ya ƙi za a tambaye shi dalili.

Kwana goma sha tara bayan haka hadari ya taso daga gabas. Aka yi ruwa tun hantsi har la'asar, ruwan shuka sosai, wanda ke ratsa ƙasa kamu guda. Ƙauyukan da ke kewaye suka fita da sungumi suna murna. A ƙauyen masaƙi kuwa maza suka tsaya a ƙofofin gidajensu suna kallon juna.

Da gari ya waye Zayyanu ya saɓi sungumi ya tafi gona. Ya sare ta tun daga wannan iyaka har waccan, rami bayan rami, layi bayan layi, shi kaɗai. Sannan ya aika aka kira ƙaninsa. Mutanen gari suka biyo baya. Ya miƙa masa ƙoƙon shuka, ba ko ƙwaya a ciki, ya ce, "Na sare. Zo ka zuba."

Masaƙi ya dubi ramukan, kowanne da damshinsa, sun buɗe baki. Ya durƙusa cikin laka ya ce, "Ba a nuna min komi ba. Ni nas saƙa ta, awa zane. Dariya nag guda."

Ba wanda ya doke shi. Wallahi da sun doke shi da ya fi masa sauƙi. Baba Yari, mai bakin da ba ya mutuwa, ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Zayyanu ya karɓi ƙoƙonsa ya juya, kuma daga ranar bai ƙara kiran sunan ƙaninsa ba.

An bazu neman iri har Gandi, amma shekarar fara ce, kowa nasa bai ishe shi ba. Ɗan abin da aka samo ya zo a makare. Damina ta yi kyau irin wadda tsofaffi suka daɗe ba su gani ba, gonakin ƙauyen kuwa ciyawa ce ta yi musu kore shar. Kafin kaka an binne yara bakwai, biyu daga ɗakin Habi. Masaƙi ya zo zai sa hannu a ɗaukar makara, Zayyanu ya ce a hankali, "Bari, akwai mutane." Waɗanda suka rage suka kwashe komatsansu suka watse.

Shi ma ya tashi, ya koma bayan garin Goronyo inda ba a san shi ba. Ya rayu har tsufa, yana saƙa, ba ya hira da kowa. Mutanen unguwar sun san shi da abu ɗaya. Duk ranar da hadarin farko ya haɗu, kowa na fitowa yana hamdala, shi sai ya naɗe zarensa ya shige ɗaki ya ja asabari. Rahamar Allah na sauka a kan kowa, shi ba ya iya ɗaga ido ya dube ta.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce tunani haramun ne, ko hikaya zunubi ce. Allah ne ya ba mutumin nan basira, da ya kira abinsa da sunansa, da har yau ana jin daɗinsa. Abin da ya halaka shi, ya ɗauki ƙirƙirarsa ya liƙa wa gaibu, gaibu kuwa na Allah ne shi kaɗai. Mai ƙaryar mafarki ba mutane kawai ya yi wa ƙarya ba. Kuma ku dubi abin da ya guje wa: dariyar hantsi ɗaya, wadda kafin azahar an mance da ita. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma wannan sai da ta cinye 'ya'yan wasu.

Mu fa? Sau nawa muka ce "an ce" alhali mu muka ce? Sau nawa aka tambaye mu tsakaninmu da Allah, muka zaɓi mutuncinmu a kan gaskiya? Wa ya san wanda zai sauko da irinsa saboda maganarmu? Wanda ke da irin wannan a wuyansa, ya je ya warware yau, tun ramukan ba su buɗe ba.

Allah ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Allah ya ba mu ƙarfin jure ƙaramar kunya a duniya, ya raba mu da babbar kunya ranar tsayuwa. Allah ya jiƙan yaran nan bakwai, ya gafarta wa masaƙin in ya tuba. Allah ya kiyaye mu, amin.